Haƙorin Debby da Idon Baban Nabil

Alhamis, bayan la'asar

Yau ma ban soya awara ba. Waken da na jiƙa tun ranar Talata ya yi tsami, na zuba wa kajin gida. Nabil ya tambaye ni ko mun daina sana'a ne, na ce ya tafi wasa.

Babansa yana ɗaki, fuskarsa a jikin bango. Ɗinkin da aka yi masa a goshi ba wani mai yawa ba ne. Mai napep ɗin da yake tuƙawa, wadda ya yi hatsari da ita ranar Talata, ya zo jiya ya yi masa jaje, ya ce ƙarfe ne, za a gyara. Baban Nabil bai juyo ba. Na kai masa tuwo, na dawo na ɗauke shi yadda na ajiye.

Ƙofar su Dokas a rufe take. Duk shekarun da muka yi a gidan hayar nan na Bagadaza, ɗakinta yana kallon nawa, ban taɓa ganin ta sauke labule da rana ba. Ƙarar keken ɗinkinta ce take tashina in na yi barcin rana. Yanzu tsakar gidan shiru. Ban ga 'yarta Debby, wadda take cikin napep ɗin ranar, ba tun da aka shigo da ita a lulluɓe da zanen uwarta.

Juma'a, da safe

Mun yi kiciɓis da Cornelius, mijin Dokas, a bakin rijiya. Na ce, "Ya mai jiki?" shi ma a lokacin ya ce, "Ya mai jiki?"

Daga baya ya ce, "Da sauƙi, Maman Nabil. An ɗinke leɓen. Haƙorin ne dai." Bai ƙarasa ba. Ya ɗauki bokitinsa da bai cika ba ya wuce.

Shekarar Debby tara. Haƙoran gaban nan ba na nono ba ne da za a ce wasu za su fito.

Asabar, bayan azahar

Baban Nabil ya fito tsakar ɗaki yau. Na haɗa masa shayi, ya ce in bari zai zuba da kansa. Ya zuba a gefen kofin, a kan tabarma, ya ci gaba da zubawa har sai da zafin ya taɓa ƙafarsa. Na goge.

Can Nabil ya kawo masa zanen da ya yi a makaranta, wai saniya ce. Ya karɓa ya ce, "Kai, ya yi kyau." A kife ya riƙe takardar.

Na aiki Nabil sayen ashana, na rufe ƙofa, na zauna a gabansa.

Na ce, "Baban Nabil, yatsu nawa na ɗaga?"

Ya ce, "Fatiha, ki bari."

"Nawa ne?"

Ya ce, "Ban ga kwalbatin ba. Wallahi ban gan shi ba. Hanyar da nake bi da yara makaranta kullum."

Ya faɗi wasu abubuwan bayan wannan. Ba zan rubuta su ba.

Lahadi, da hantsi

Cornelius ya tafi coci shi kaɗai. Labulen yana nan a sauke.

Litinin, bayan la'asar

Da ƙyar Baban Nabil ya yarda muka je asibitin sha-ka-tafi na unguwa. Katin lafiya na gwamnatin jiha da na yi mana rajista bara, wanda ya yi ta min dariya a kai, shi na zaro daga ƙasan akwati. Mata masu awo da masu rigakafi sun cika benci, shi kaɗai ne namiji. Ya ja hularsa ya rufe ɗinkin.

Sista Millicent, mai kula da asibitin, ita ta karɓi haihuwar Nabil, don haka ta san mu. Ta kira sunansa cikakke, Ja'afaru, na ji wani iri, don na daɗe ban ji an kira shi haka ba. Ta soka masa allura a yatsa, ta ɗiga jinin a kan 'yar na'ura, ta duba, ta sake yi a ɗaya hannun.

Ta ce, "Malam, kana yawan jin ƙishirwa?"

"Sosai."

"Fitsari fa?"

Ya sunkuyar da kai ya ce e.

"Ganin naka tun yaushe ya fara hazo?"

Ya ce, "Tun kafin azumi."

Na juya na kalle shi. Bai kalle ni ba. Muna kwana ɗaki ɗaya, muna ci a kwano ɗaya, tun kafin azumi.

Sista ta ce ciwon suga ne, kuma ya hau da yawa, ya fi ƙarfin nan. Ta rubuta mana takardar zuwa babban asibiti, ta ce likita zai fara ganinsa kafin a tura shi ɓangaren ido. Da za mu fita ta riƙe hannuna ta ce, "Kada ki yi masa faɗa yau. Ki bari sai ya ci abinci."

Ban yi masa faɗa ba. Ya ci kaɗan.

Talata, da safe

Ba na son wannan ranar.

Laraba, bayan magariba

Mun yi asubanci, duk da haka mun tarar da layi har bakin baranda. Wasu daga Dukku suka zo, wasu daga Kumo. Wata tsohuwa ta matsa min a benci, ta ba ni rabin gyaɗarta. Sai bayan azahar muka ga likita. Ya saurare shi da kyau, ya rubuta ƙwayoyi, ya lissafa abin da zai rage da abin da zai daina. Da ya zo kan shayi mai sukari, Baban Nabil ya yi murmushi na farko tun ranar. Ya ce, "Likita, da shi nake aiki."

Ɓangaren ido sun ce sai mako mai zuwa.

A bakin ƙofar asibitin akwai mai sayar da tabarau a faranti. Baban Nabil ya tsaya yana gwadawa, ya sa wannan ya cire, ya sa wancan. Ya ce min, "Kin ga wannan ya ɗan wanke min. In na saya gobe ma sai in fita aiki."

Na ce, "Ka ɗauki 'ya'yan wa?"

Ya ajiye tabaran a hankali. Ban so maganar ta fito haka ba. Amma ba zan janye ta ba.

Juma'a, bayan sallah

Adda Joda, yayarsa, ta zo daga ƙauye da ƙwaryar kindirmo da ƙullin saiwoyi. Ta zauna a gefensa suna Fillanci, ina tsintar kaɗan. Ta ce a jiƙa saiwar ya riƙa sha. Na ce to, na ajiye a saman kwaba, sai na tambayi likita.

Da ta fito ta kalli labulen Dokas ta ce, "Nan ne ɗakin yarinyar?"

Na ce e.

"Kin shiga?"

Na ce a'a.

Ta ɗauki kwanona, ta cika shi da kindirmo ta miƙo min. Ta ce, "Mai ciwon baki ba ta iya tauna."

Taku kaɗan ne tsakanin ƙofata da tasu. Na yi sallama. Dokas ta ɗaga labule iyakar hannunta, ta karɓa, ta ce, "An gode." Ban ga fuskarta sosai ba.

Asabar, da yamma

Kwanon ya dawo a wanke. Dokas ba ta taɓa mayar min da kwano babu komai a ciki ba, ko ƙuli-ƙuli ne sai ta jefa.

Litinin, da hantsi

An kwana ana ruwa, tsakar gida duk taɓo. Nabil ya tafi makaranta a ƙafa tare da yaran maƙwabta.

Ranar hatsarin zazzaɓi ne ya hana shi zuwa. Na yi ta masa faɗa da safen, ina cewa ƙarya yake, ba ya son makaranta ne. Wurin zamansa a napep ɗin shi ne gefen da Debby ta zauna.

Idan na tuna sai in yi hamdala, sai kuma in ji kunyar hamdalar. Ban san yadda ake yi da wannan ba.

Alhamis, bayan la'asar

Yau ranar ido.

Wani saurayi mai gwajin ido ya zaunar da shi, ya rufe masa ido ɗaya, ya nuna allon haruffa a bango. Da na dama ya karanta har layi na uku. Da aka koma na hagu, ya ce, "Ina allon?" Saurayin bai nuna komai a fuskarsa ba, ya ce, "Ba komai, Baba, mu ci gaba." Ni ce na fita baranda na ɗan tsaya.

Suka ɗiga masa magani, suka ce ganin zai ƙara dushewa na wasu sa'o'i. Likitar ido mace ce, 'yar siririya, ba ta gaggawa. Ta leƙa cikin idon da fitila ta daɗe. Ta ce sugan ya taɓa jijiyoyin bayan ido, na hagu ya yi jini a ciki. Na dama ma ya fara, amma za a iya tare shi da aikin leza, wato gyara da haske. Tabarau kuma ba yanzu ba, sai sugan ya sauka ya zauna, in ba haka ba duk wanda aka yanka masa zai canza.

Ya ce, "Tuƙi fa, likita?"

Ta ajiye fitilar ta ce, "Malam Ja'afaru, ba zan ɓoye maka ba. Ka ajiye shi."

Na riƙe hannunsa muka fito, yana lumshe ido saboda hasken rana. Tun aurenmu ban taɓa riƙe hannunsa a gaban mutane ba. Muka biyo ta gaban ɓangaren haƙori, sai ga Dokas a benci, Debby a jikinta. Yarinyar tana ganinmu ta sa tafin hannu ta rufe bakinta.

Na tsaya. Ya ce, "Me ya faru? Mun ɓata hanya ne?"

Dokas ta kalli hannuna, ta kalli fuskarsa. Yana tsaye dab da ita bai san tana wurin ba. Ta tambaye ni da ido, na gyaɗa kai. Na ce masa, "Ba komai, mu je."

Alhamis, bayan isha'i

Dokas ta zo. Ina wanke-wanke a bayan ɗaki ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na gaya mata gaskiya.

Ta ce, "Ya san ba ya gani, Maman Nabil. Ya sani, ya ɗauki 'yata."

Na ce, "Ya sani."

"Ke fa?"

"Wallahi ban sani ba."

Ta riƙa murza bakin zanenta. Na ce, "Nawa ma yana ɗauka kullum, Dokas."

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa na kasa zaginsa. Shi ya sa kuma na kasa gaishe ku. Ina so in yi fushi da wani har in gaji, na rasa wanda zan yi da shi."

Ta yi kuka, ni ma na yi. Ba mu rungumi juna ba. Kafin ta tashi ta ce Debby ta ƙi buɗe baki ga likitan haƙori yau, sun yi ta lallashi har layinsu ya wuce. Ta daina zuwa makaranta, ta ce yara za su yi mata dariya. Ko a gida ba ta magana sai da hannu a baki.

Asabar, da safe

Na ji keken ɗinki na ɗan lokaci, sannan ya tsaya.

Lahadi, bayan azahar

Debby ta zo kitso kamar yadda ta saba duk Lahadi. Uwarta ce ta turo ta. Ta zauna tsakanin ƙafafuna, bayanta gare ni, ina tsaga ina kitsawa. Da yake ba ta kallona, sai bakinta ya buɗe. Ta ce ƙarar injin likitan haƙori irin ƙarar nan ce. Ban tambaye ta wace ƙara ba.

Na ce, "In na bi ki fa?"

Ta ce, "Za ki riƙe min ƙafa?"

Na ce zan riƙe.

Baban Nabil yana jin muryarta ya ja ƙofar ɗaki. Bai fito ba sai da ta tafi.

Laraba, bayan la'asar

Mu uku muka je. Likitan haƙorin, Dokta Kenneth, mutum ne mai ƙiba da tattausar murya. Ya ba Debby ƙaramin madubin ta riƙe, ya kunna injin a kan farcensa don ta ga ba ya cizo. Uwarta ta riƙe hannu, ni na riƙe ƙafa. Ƙafar tana rawa kamar ta ɗan tsako.

Ta buɗe. Ranar na fara gani. Rabin haƙorin ya tafi, a karkace. Na kawar da kai, sannan na tuna tana kallona, na dawo da shi.

Ya ɗauki hoton haƙorin, ya ce saiwar lafiya lau, jijiyar ma da alama tana da rai. Ya rufe wurin da magani na wucin gadi, ya ce in bai yi ciwo ba har zuwan gaba, zai gina mata shi da farin ciko mai kalar haƙori. Dokas ta sa ya maimaita maganar.

A hanyar dawowa muka sayi gasasshiyar masara. Debby ta ɓare tata da yatsa tana tauna ta gefe.

Juma'a, da hantsi

Sista Millicent ta gwada Baban Nabil, sugan yana sauka. Ta ce hannuna ne. Tuwon dawa da miyar ganye, shayi babu sukari, yana sha yana yamutsa fuska. Na koma suyar awara jiya.

Litinin, bayan magariba

An yi aikin lezar. Ya ji tsoro, bai faɗa ba, amma na ji shi yana ta salati a layi. Bai daɗe a ciki ba. Ya fito ya ce walƙiya ce kore ta yi ta wucewa. Likitar ta ce na dama ta yi abin da za a iya yi, tana da kyakkyawan zato. Na hagu sai an jira jinin ya janye a ga abin da ya rage. Yadda ta faɗi "abin da ya rage" ya ishe ni amsa.

Laraba, bayan la'asar

Ya tambaye ni ko Cornelius ya dawo daga wurin walda. Na ce ya dawo. Ya sa riga, ya laluba takalminsa, ya fita ƙofar gida inda Cornelius yake zaune a kan dakali.

Ina suya a zaure, ina hango su, ba na jin komai saboda ƙarar mai. Baban Nabil ne ya yi ta magana, hularsa a hannu. Cornelius yana kallon ƙasa. Suka daɗe haka. Har na ƙona kasko ɗaya. Daga ƙarshe Cornelius ya matsa gefe a kan dakalin, Baban Nabil ya zauna. Suna nan zaune har aka kira magariba.

Da ya shigo na ce, "Me ya ce?"

Ya ce, "Ya ce ya ji."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ai ya isa na yau."

Alhamis, da safe

Napep ɗin ta wuce ta ƙofar gida da sabon direba. Baban Nabil ya gane ƙararta tun daga nesa. Ya ajiye cokali.

Asabar, da yamma

Wani abokinsa mai shagon kayan gyaran napep ya ce ya zo ya riƙa zama masa, tunda ya san kowane ƙarfe ko da laluba ne. Ya je yau. Ya dawo hannunsa da baƙin mai, ya cinye abincinsa, ya ce ko akwai ƙari.

Talata, bayan azahar

An gina haƙorin Debby. Ban je ba, ta ce ta iya ita kaɗai da mamanta. Suna dawowa ta shige ɗaki da madubi.

Sai da na rubuta sunan ranar na lura ban ji komai ba.

Alhamis, bayan la'asar

Tabaran ya fito. Mai gwajin idon ya sa masa, ya gyara masa a bayan kunne, ya ce ya kalli allo. Bai kalli allo ba, ni ya kalla. Ya ce, "Fatiha, kin rame." Saurayin ya yi kamar yana neman wani abu a durowa.

Na hagu yana nan da hayaƙinsa. An ce mu riƙa dawowa ana dubawa, abin ba na gama-yau ba ne.

Muna shigowa gida muka tarar da Debby da Nabil suna carafke a tsakar gida. Baban Nabil ya ja baya zai shige ɗaki. Dokas tana kan kekenta a bakin ƙofa, ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "Debby, ba ki gaida Baban Nabil ba."

Yarinyar ta zo ta tsaya a gabansa. Hannunta ya fara tashi zuwa baki, sai ta mayar da shi baya. Ta ce, "Sannu da zuwa. Gilashinka ya yi kyau."

Ya durƙusa har gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Ya buɗe baki, na san abin da yake so ya faɗa, ya kasa fitowa.

Ta ce, "Kana gani yanzu?"

Ya ce, "Ina gani, Debby."

"To faɗi wanne ne aka gyara." Ta washe masa haƙora duka.

Ya gyara tabaran, ya matso, ya karkata kai don idon dama ya samu. Keken ɗinkin ya tsaya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗaga yatsa ya nuna na gefen, lafiyayyen.

Debby ta fashe da dariya, baki buɗe, ta ruga wurin uwarta tana cewa bai gane ba, ko shi da gilashi bai gane ba, gobe za ta makaranta.

Ya zauna a ƙasan nan bai tashi ba, ya cire tabaran yana goge shi da bakin riga. Ban sani ba ko da gangan ya yi. Na kawo masa ruwa, ban tambaya ba.